Polis: Garin da Ya Shiga Jirgin Ruwa

A shekara ta 480 kafin Miladiyya, rundunar Sarkin Farisa ta shiga Atina ta tarar da gari wayam. Mutanen sun riga sun kwashe mata da yara sun tsallakar da su tsibiran Salamis da Ejina da garin Turozen, mazan kuma suna cikin jiragen yaƙi. Farisawa suka hau dutsen da ke tsakiyar gari, suka karkashe 'yan tsirarun da suka ƙi tashi, suka cinna wa ɗakunan bauta wuta. A wannan tsakanin shugabannin yaƙin Girkawa na zaune suna gardama a kan inda za a tari abokan gaba. Temistokilis, jagoran Atinawa, ya kafe a kan a tsaya a mashigin Salamis. Sai Adimantos, kwamandan mutanen Korinti, ya ce a rufe wa wannan baki, ai wanda ba shi da gari ba shi da ta cewa a taron masu gari. Herodotus, wanda ya kawo labarin, ya ce Temistokilis ya mayar masa da cewa muddin Atinawa na da jirage 200 cike da mazaje, to suna da gari da ƙasa da suka fi na Korinti girma. Har ya ƙara da barazanar cewa in aka matsa musu za su loda iyalansu su koma Siris, can kudancin Italiya, su ci gaba da zamansu.

Kalmar da suka yi wa wannan cacar baki ita ce polis. Labarin ya faɗo mini ne ranar da ɗiyar ƙanwata, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, ta kawo mini littafinta na darasin gwamnati in yi mata tishi kafin jarrabawa. An rubuta musu layi guda: polis kalmar Girkanci ce, ma'anarta birni mai cin gashin kansa, kuma daga ita Turawa suka samo kalmarsu ta siyasa. Ta haddace tsaf, na kuma tabbata za ta ci makinta. Sai dai in da wannan ce ma'anar, da Adimantos ne mai gaskiya, don a ranar birnin ya zama toka, cin gashin kai kuwa ko ƙamshinsa babu. A ganina wannan fassarar da muka gada daga littattafan Turawa tana binne abin da ya fi komai nauyi a cikin kalmar, kuma abin da ta binne ɗin ya shafi yadda muke kallon siyasa kamar sana'ar wasu ce daban.

Tun farkon fari kalmar ba ta nufin mutane ko kaɗan. Dutse take nufi, ko tudu mai katanga inda ake rugawa a fake idan mahara sun taso. Masu bin diddigin harsuna sun gano 'yan uwanta a wurare masu nisan gaske. A tsohon harshen Indiya na Sanskirit akwai pur, wato ganuwa ko mafaka, ita ce wutsiyar da ke jikin sunayen Jaipur da Kanpur da Nagpur, ita ce kuma a cikin Singapura, garin zaki, wanda muke cewa Singafo. A harshen Lituweniya har gobe pilis na nufin gidan sarauta mai ganuwa. A tsofaffin waƙoƙin Homa kalmar kan fito da siffar ptolis. Shaidar da ta fi burge ni kuwa daga bakin Ba'atine ta fito. Tusididis, marubucin tarihin yaƙin Atina da Sparta, ya ce a zamanin da, dutsen nan da ƙasansa ta kudu su ne garin gaba ɗaya, shi ya sa har a lokacinsa mutanen Atina ke kiran dutsen da polis kawai. Da gidaje suka bazu a gindin dutse ne aka buƙaci sabon suna, aka ce akropolis, garin bisa. Wanda ya san yadda Kano ta faro daga Dala kafin a zagaye ta da ganuwa ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Girkawa na da wasu kalmomi na abin da ido ke gani. Gidaje da tituna da kasuwa asty ne. Gonaki da ƙauyukan da ke kewaye kora ce. Wannan ya ba polis sararin ɗaukar wani nauyi daban, kuma daga wajen ƙarni na takwas kafin Miladiyya ta soma zama sunan jama'ar da ke taruwa su yanke shawarar kansu. Dubi yadda suke rubuta takardunsu. Ba Atina ce ke ƙulla amana da Sparta ba, Atinawa ne ke ƙullawa da Lakedemonawa, wato mutanen Sparta. Dokokinsu da aka sassaƙa a jikin duwatsu suna farawa da cewa majalisa da jama'a sun ga ya dace. Kuɗinsu na azurfa mai hoton mujiya yana ɗauke da harufa uku, gajarcen kalmar da ke nufin na Atinawa. Sparta kuwa, wadda ta fi kowa ƙarfin yaƙi a ƙasa, ba ta da ganuwa a zamanin tashenta, tarin ƙauyuka ce kawai a bakin kogi. Tusididis ya yi hasashen cewa da za a wayi gari ta zama kufai, na baya ba za su yarda ta taɓa yin ƙarfi ba, alhali Atina za a ɗauka ta ninka ainihin ƙarfinta saboda gine-ginenta. Wanda ya ga hotunan wuraren biyu a yau zai ce mutumin nan kamar ya leƙa.

Barazanar Temistokilis ma ba cika baki ba ce, don akwai waɗanda suka riga shi aikatawa. Kimanin shekara sittin kafin yaƙin Salamis, mutanen Fokaya da ke gaɓar Turkiyya ta yanzu sun ƙi miƙa wuya ga Farisa, suka loda iyali da kayan bauta a jirage suka bar wa maƙiyi kango. Sun zauna a tsibirin Kosika, daga baya suka kafa Eleya a Italiya. A shekara ta 413 kuma, lokacin da rundunar Atina ta karye a Sisili, kwamandanta Nikiyas ya ce wa sojojinsa mazaje su ne polis, ba ganuwa ko jiragen da babu kowa a ciki ba. Maganar ba ta cece su ba. Bayan 'yan kwanaki aka murƙushe rundunar, aka kashe shi, aka zuba dubbai a ramukan fasa dutse na Sirakus. Amma mutum a bakin mutuwa ba ya ƙirƙiro sabuwar ma'ana, abin da kowa ya riga ya yarda da shi yake kamawa.

Aristo, masanin falsafa, wanda aka haifa a 384 kafin Miladiyya, shi ya zauna ya feɗe abin har wutsiya. Shi da almajiransa sun tattara tsarin mulkin garuruwa 158, ko da yake na Atina kaɗai ya iso gare mu, shi ma a jikin takardar fafirus aka tsinto shi a Masar, aka buga a 1891. Ya ce ko za a zagaye dukan yankin Feloponis na kudancin Girka da katanga guda, wannan ba zai mai da shi polis ba. Ya kawo misalin Babila, wadda aka ce an ci ta da yaƙi har kwana uku wani ɓangaren garin bai ji labari ba. A wurinsa wannan al'umma ce a cikin ganuwa, ba gari ba. A wani wurin ya ce mutum goma ba sa yin polis, dubu ɗari kuma sun wuce polis, har yana tambayar wane sanƙira ne muryarsa za ta kai ga taro irin wannan. Ɗan gari kuwa, polites, ya ce shi ne wanda ke da hannu a yanke hukunci da riƙe muƙami, yau ya yi mulki gobe a mulke shi. Maganarsa da aka fi yawo da ita, wadda ake fassarawa da cewa mutum dabba ce 'yar siyasa, sau da yawa ana jefa ta ne cikin raha kamar tana nufin ɗan Adam gwanin ƙulle-ƙulle ne. Abin da ya ce shi ne mutum halitta ce da ba ta cika sai a cikin polis. Ya yarda ƙudan zuma ma na zaman tare, amma mutum ya fi su saboda yana da magana, kuma da magana ake bambance adalci da zalunci. Wanda ke iya rayuwa a wajen gari, in ji shi, ko dabba ne ko abin bauta.

To daga ina birni mai cin gashin kansa ya fito? Ba Girkawa suka ƙera shi ba. Malaman Turai ne na ƙarni na 19, waɗanda ke zaune a manyan ƙasashe masu iyaka da tuta, suka nemi sunan da za su ba wannan ƙaramin abu, sai suka manna kalmar birni da kalmar ƙasa, a Jamusanci da Ingilishi. Littafin Warde Fowler na 1893 na cikin waɗanda suka yaɗa laƙabin. Sun auna Girka da mudun zamaninsu. Matsalar ita ce rabi na biyu na fassarar ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Wata cibiyar bincike a Kopenhagen ta ƙasar Denmak, ƙarƙashin Mogens Herman Hansen, ta shafe sama da shekara goma tana bin kalmar a tsofaffin rubuce-rubuce, kuma a 2004 ta fitar da jerin garuruwa 1,035 da suka amsa sunan polis. Da yawansu ba su da 'yancin kai. Wasu na biyan Atina gandu duk shekara, wasu na ƙarƙashin Sparta, wasu na Farisa, kuma ba wanda ya fasa kiran su polis. Bayan Filibus na Makidoniya ya karya Atina da Tibis a Kaironiya a 338 kafin Miladiyya, garuruwan sun ci gaba da taron majalisa da naɗa alƙalai har cikin daular Rum. Yawancinsu ƙanana ne ƙwarai. Tsibirin Keyos, ɗan mitsitsi da shi, polis huɗu gare shi. Atina da ake ganin ta gagara, dukan ƙasarta kusan murabba'in kilomita 2,500 ce, wajen kashi ɗaya cikin takwas na Jihar Kano.

Wannan cibiyar ce kuma ta fitar da wani kundi a shekarar 2000 da ya kwatanta al'ummomi talatin na duniya da suka yi zaman garuruwa irin wannan, kuma ƙasar Hausa kafin 1804 na ciki. Na ji daɗin ganin haka, amma kwatancin na da iyaka, kuma a iyakar darasin yake. Mu ma muna da garin da ya tashi ya bar ganuwarsa. Bayan jihadi Katsinawan da suka fita sun kafa Maraɗi, har yau ana cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa bayan faɗuwar Alkalawa sun koma Tsibiri, Zazzagawa suka kafa Abuja ta farko, Suleja ta yanzu. Sai dai abin da ya ɗauki gari ya tafi da shi a nan sarauta ce, da tambari da 'yan majalisar sarki. Abin da Temistokilis ya ce ya shiga jirgi kuwa taron masu kaɗa ƙuri'a ne, ciki har da matalautan da ke jan filafilin jirgin.

Kuma taron ba na ado ba ne. Tun gyaran da Kilistenis ya yi wa tsarin mulkin Atina a 508 kafin Miladiyya, majalisar mutum 500 da ke tsara abin da za a tattauna da ƙuri'ar sa'a ake cika ta, shekara guda kowa ke yi, ba a kuma wuce sau biyu a rayuwa. Masu yanke hukunci a kotu ma haka ake zaɓo su, ɗaruruwa a shari'a guda. Janar-janar goma na cikin 'yan muƙaman da ake zaɓa da ɗaga hannu, don yaƙi ba a bar wa sa'a. Babban taro kan zauna a tudun Finiks, wasu batutuwan sai an cika mutum 6,000. Idan mutane suka noƙe a kasuwa suna hira, bayin gwamnati kan ja igiya da aka turmusa a jar ƙasa su koro su, wanda jan ya shafa a riga tara ta hau kansa. Abin dariya a nan, kalmar da Turawa ke kiran 'yan sanda da ita daga polis ta samo asali, amma masu aikin tsare doka a titunan Atina bayi ne maharba da aka sayo daga ƙasar Sikitiya.

Kada a ɗauka ina son mu yi kukan rashin Atina. Idan polis mutane ne, tambayar da ke biye ita ce su wane ne mutanen, kuma amsar Girkawa ba ta da daɗin ji. Mata ba su cikin taro. Bayi, waɗanda dubbai daga cikinsu ke mutuwa a ramukan azurfa na Loriyon, ba su ciki. Baƙi mazauna gari, ko sun haihu sun yi jikoki a nan, ba su ciki. Baƙo sai ya nemi ɗan gari ya tsaya masa, ya biya harajin zama, ba shi kuma da ikon mallakar fili sai da izini na musamman. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba, Atinawa sun mai da wannan doka. Aristo da kansa, wanda ya fi kowa bayanin ɗan gari, ɗan Stagira ne, ya yi shekaru sama da talatin a Atina bai taɓa ɗaga hannu a Finiks ba, daga ƙarshe ma gudu ya yi a 323 ya mutu a Kalkis shekara guda bayan nan. Shi ne kuma ya rubuta cewa wasu mutane bayi ne tun daga halitta, a cikin littafin da ya yi wancan kyakkyawar magana a kan adalci. A 451 Ferikilis, jagoran Atinawa, ya kawo dokar cewa ba ɗan gari sai wanda uwa da uba duk Atinawa ne. In za ka gina ramin mugunta gina shi gajere: annoba ta kashe masa 'ya'yansa biyu na aure, wanda ya rage ɗan Aspasiya ne, mutuniyar Miletus, sai da jama'a suka yi masa alfarma ta musamman kafin a rubuta yaron. Taron nan mai 'yanci shi ya amince a karkashe mazan tsibirin Melos a 416, a sayar da mata da yara, kotun 'yan gari kuma ta yanke wa masanin falsafa Sokratis hukuncin kisa a 399. Duk wannan ya kamata ɗalibi ya ji, kuma ba zai ji ba matuƙar an ce masa kalmar ta gine-gine ce.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne wajen kalmar siyasa. Girkawa suka ce politika, wato al'amuran 'yan gari. Mu muka ɗauko siyasa daga Larabci, kuma tushenta wani hoto ne daban. Sa'is a Larabci shi ne mai kula da doki, mai ba shi harawa, ya horar da shi, ya riƙe linzami. Kalma ce mai daraja, ta zo a hadisin da ke cewa Bani Isra'ila annabawa ne ke siyasantar da su. A tsohuwar Hausa kuma ta ɗauki ma'anar lallashi da sassauci, a ce a bi shi da siyasa. Amma ko ta ina ka juya ta, mutum biyu ne a ciki, mai riƙe da linzami da wanda aka sa wa. Kalmar Girkawa kuwa sa'o'in juna take gani a zaune, suna karɓa-karɓa. Malaman Musulunci na da sun lura da wannan giɓin. Alfarabi, wanda ya rasu a 950 Miladiyya, da madina ya yi aiki, Ibn Khaldun kuma ya kawo maganar masu hikima cewa mutum madani ne bisa ɗabi'a. Sun yi haka ne alhali littafin Aristo na siyasa bai ma iso hannun yawancinsu ba, har Ibn Rushd ya faɗa cewa rashin samunsa ne ya sa ya yi sharhin na Aflatun, malamin Aristo, a madadinsa.

Mun karɓi akwatin zaɓe da majalisa, kayan aikin da jikokin polis ne, muka rataya musu sunan da ke ba mutum guda linzami. Shi ya sa ɗan siyasa ya zama sunan sana'a kamar ɗan kasuwa ko ɗan dako, mutumin kirki kuma ya ce shi ba ruwansa da siyasa, a yaba masa. A Girkanci wannan jimlar kusan ba ta faɗuwa, don daidai take da mutum ya ce shi ba ɗan gari ba ne. Wanda ya tsaya ga harkar gabansa kawai idiotes suke ce masa. Da farko ba zagi ba ne, mai zaman kansa ko wanda ba gwani ba take nufi, sai daga baya a bakin Turawa ta zama wawa. Amma Tusididis ya sa a bakin Ferikilis cewa su Atinawa ba sa kiran irin wannan mutum mai kawaici, marar amfani suke ce masa.

Da ni ke rubuta wa ɗiyar ƙanwata layin nan, da gari zan sa, ba birni ba. Birni ya fi karkata ga ganuwa da ƙofofi. Gari kuwa yana da kunne da baki: gari ya ɗauka, gari ya yi tsit, gari duk ya sani. Muna cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma Girkawan da ƙofofinsu suka sha buɗuwa cikin dare ta hannun ɓangaren da ya sha kaye a taro za su gane karin nan ba tare da tafinta ba. Sannan in bar mata tambayar da littafin ya tsallake, wa ake lissafawa a cikin garin, wa aka bari a bakin ƙofa.

Su kansu Girkawan yau sun mai da kalmar ga gine-gine. Poli birni ne kawai, ƙasa kuma kratos suke cewa, sai dai ɗan ƙasa har yanzu politis ne. In Bagirke ya ce Birnin bai ƙara komai ba, Kustantiniya yake nufi, kuma mafi yawan masana na ganin sunan Istanbul, Santambul ɗinmu, daga furucin Girkanci ne mai ma'anar zuwa birni. Nablus ta Falasɗinu da Napoli ta Italiya duk Neapolis ne, sabon gari. Tarabulus ta Libiya kuwa, wadda ayarinta ke shigowa Kano da hajja tun kafin Turawa su zo da littattafan makaranta, Tripolis ce, gari uku: Oya da Sabrata da Leptis Magna.